Wanda Ake Kira Dolo Ma Yana da Hannu Biyu

A manyan garuruwan ƙasar Hausa akan sami Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare. Idan aka cuci makaho a kasuwa yana da inda zai kai ƙara, idan kuma aka yi rabon hatsi akwai mai tsayawa ya karɓi rabon jama'arsa. Amma akwai waɗansu mutane da ba su da sarki, ba su da ƙungiya, ba su kuma iya tsara magana su kare kansu. Su ne waɗanda aka haifa da jinkirin fahimta, ko kuwa ciwo ya taɓa ƙwaƙwalwarsu tun suna ƙanana. Sunayen da aka ba su duk na zagi ne: dolo, wawa, gaɓo, sakarai, ɗan ruwa. Suna yara ana yi musu dariya, in sun girma a manta da su. Maganar da ya kamata a faɗa a fili ita ce, masu bi na Malanville da na sauran garuruwan bakin iyaka sun yi wa waɗannan mutane laifi. Laifin kuwa shi ne, an ciyar da su, amma an ƙi koya musu aiki.

Su nawa ne?

Malanville gari ne na arewacin Jamhuriyar Benin, a jihar Alibori, a bakin Kogin Kwara, yana fuskantar Gaya ta Nijar. Ƙidayar 2013 ta sami mutum 168,641 a cikin gundumar. Masu binciken lafiya a duniya sun lissafta cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari yana da jinkirin fahimta, adadin kuma ya fi haka a ƙasashen matalauta. Ko da an tsaya a kan ɗaya cikin ɗari ɗin, lissafin gundumar Malanville zai kai wajen mutum 1,700. Wannan ya isa ƙauye guda. To, ina suke? Ba su a lakwal, ba su a shagon tela, ba su a gonar shinkafa. Waɗansu suna bayan ɗaki, waɗansu suna bakin tasha da ƙoƙo a hannu, waɗansu kuma suna bencin baya na majami'a, inda suke zama shekara ashirin ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da suka iya.

Har wa yau likitoci sun nuna cewa galibinsu, wajen 85 cikin ɗari, larurarsu mai sauƙi ce. Watau suna magana, suna gane mutane, suna iya bin umarni, abin da yake yi musu wuya shi ne karatu, da lissafi, da saurin gane sabon abu. Waɗanda ba su iya ci da kansu ko wanka da kansu kaɗan ne ƙwarai. Amma jama'a sun haɗa su duka a kwando ɗaya, sun rufe.

Daga ina abin yake?

Tilas a fara da wannan, gama wanda ya gaskata aljani ne ya musanya masa ɗa a bakin kogi ba zai kai yaron koyon kafinta ba. Sanadin larurar sananne ne. Doguwar naƙuda takan hana jariri numfashi har ƙwaƙwalwa ta lalace. Shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa takan yi haka. Rashin sinadarin aidin a abincin mai ciki, wanda shi ne kuma yake kawo maƙoƙo, yakan tauye hankalin ɗan da ke ciki, shi ya sa ake sa aidin a gishiri. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kan yaro, da ƙyanda, da yunwa mai tsawo, duk suna barin tabo. Sanƙarau na 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a arewacin Najeriya, da yawa daga cikin yaran da suka tsira kuma sun tashi da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa. Waɗannan yara yanzu sun haura shekara talatin. A Zamfara a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar waɗansu da dama. Akwai kuma larurar Down, wadda take samun kusan jariri ɗaya cikin dubu a kowace ƙabila. A 1959 masana a Faransa suka gano cewa mai ita yana da ƙwayoyin gado 47 maimakon 46.

A cikin dukan waɗannan babu maita, babu la'ana, babu zunubin uwa. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san sura ta 9 ta Bisharar Yohanna, inda almajirai suka nemi wanda za su ɗora wa laifin makantar wani mutum, Ubangiji kuwa ya ƙi ɗora shi a kan mutumin ko iyayensa. Abin kunya ne a ce bayan an yi wa'azi a kan wannan sura sau ɗari, har yanzu ana samun masu addu'a da suke ɗaure irin waɗannan bayin Allah, suna hana su abinci kwana uku da sunan korar aljani. Jinkirin fahimta kuma dabam yake da hauka. Mai taɓin hankali yakan sha magani ya dawo yadda yake. Mai jinkirin fahimta ba shi da inda zai dawo, haka yake, abin da yake bukata shi ne malami mai haƙuri.

Tausayi iri uku

Akwai tausayin gida. Uwa tana yi wa ɗanta mai shekara ashirin da biyar wanka, tana ɗaura masa wando, ba ta barinsa ya je ko bakin rijiya, don kada a yi masa dariya. Ƙauna ce, ba wanda zai musa. Amma uwa ba ta dawwama. Ranar da aka binne ta, matar wa ko matar ƙane ba za ta ɗauki wannan kaya ba, sai a wayi gari mutumin yana kwana a rumfar kasuwa, bai iya ko hura wuta ba.

Akwai tausayin titi. Mai wucewa ya jefa dala biyar a ƙoƙo, ya tafi da zuciya fari, ya sami lada. Sau da yawa ba mai ƙoƙon ne yake cin kuɗin ba, da yamma wani ɗan'uwansa ne yake juye su a aljihu. Wanda yake kawo wa gida kuɗin bara kowace rana, wa zai yarda ya sake shi ya je koyon sana'a?

Na uku ya fi muni, domin yana sanye da rigar taimako. Mai shago ko mai gidan abinci ya ɗauki irin wannan saurayi, ya ce yana riƙonsa saboda Allah. Saurayin yana ɗebo ruwa tun asuba, yana wanke tukwane, yana share rumfa, yana ɗaukar buhu, ladansa kuwa ƙanzon tuwo da tsohuwar riga. Da mai lafiya ne yake wannan aiki, da an biya shi kowace yamma. Wannan kaɗai ya isa ya ƙaryata masu cewa ba su iya aiki. Suna aiki tun da daɗewa, biya ne ba a yi. Ikkilisiya ma ba ta kuɓuta ba. Wa yake jera benci ran Asabar, wa yake share harabar majami'a kafin Kirsimeti? In aka duba, sau da yawa shi ne wanda ba a taɓa sa sunansa a ajin baftisma ba, wai ba zai iya haddace amsoshi ba.

Masu cewa ba za su iya ba

Hujjar farko da ake kawowa ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya kai shekara talatin bai iya ƙirga goma ba, me zai koya? An gwada wannan magana, an kuma ga ƙaryarta. A 1972 wani malami a Amurka mai suna Marc Gold ya buga sakamakon aikin da ya yi da mutum 64 masu jinkirin fahimta, waɗansunsu mai tsanani. Ya koya musu haɗa birkin keke mai ƙarafa 15, daga baya kuma wani mai ƙarafa 24. Kusan dukansu suka iya. Bayan shekara guda aka sake gwada su, aka tarar aikin bai ɓace musu ba. Birkin da mai gyaran keke a bakin tasha yakan yi gumi kafin ya mayar da shi daidai, shi ne waɗanda ake kira dolaye suka haɗa.

Dabarar ba ta bukatar injin ko kuɗi. Ana yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowane mataki shi kaɗai. Malami ba ya yawan surutu, yana nunawa da hannu, in ta kama ya riƙe hannun ɗalibi su yi tare. In ɗalibi ya yi kuskure ba a tsawata masa, sai a ce ya sake ta wata hanya. Kowace rana ana bin tsari ɗaya, a wuri ɗaya, da kaya iri ɗaya, har hannu ya riƙe. Sa'an nan malami ya riƙa janye jikinsa kaɗan-kaɗan. Gold ya koyar cewa in ɗalibi bai iya ba, a fara bincikar yadda aka koya masa. Daga baya kuma masu wannan aiki a Amurka da Turai suka gane cewa koyarwa a ɗaki na dabam ba ta cika amfani ba, gama irin wannan ɗalibi yakan sha wuya wajen ɗaukar abin da ya koya a wani wuri ya kai wani. Gara a kai shi wurin aikin kansa, a koya masa a can.

A ɗauki zaɓen albasa, wadda Malanville take nomawa da yawa. Mataki na farko, a taɓa kowace albasa, mai taushi a jefa ta gefe. Ba za a ƙara kome ba sai wannan ya zauna, ko da zai ci mako biyu. Na biyu, a raba manya da ƙanana, a ba shi zoben ƙarfe ko bakin gwangwani, wadda ta wuce ta ciki ƙarama ce. Na uku, cika buhu har zuwa layin da aka zana da gawayi. Na huɗu, ɗinkin baki. Ba a bukaci ya san lissafi ba. Ƙirgan buhuna ma ana iya yinsa da tsakuwa, buhu ɗaya tsakuwa ɗaya a cikin gwangwani. Haka za a yanka aikin cirar irin shinkafa da dashe a filin noman rani mai kadada 516 da ke bakin garin, da shanya shinkafar da mata suka guma, da kiwon kaji da tumakin Layya, da buga bulo, da facin taya, da wankin babura, da ƙulla gishiri da sukari a leda. Waɗanda suka taɓa aiki da irin waɗannan mutane sun san wani abu: aikin maimaici da yake gundurar samari masu wayo, su ba ya gundurarsu, ba su kuma cika fashi ba.

Masu cewa masu lafiya ma ba su da aiki

Wannan hujja tana da nauyi, bai kamata a raina ta ba. Kasuwar Malanville tana cikin mafi girma a Benin, rayuwar garin kuma ta rataya ga manyan motocin da suke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka rufe gada. Ko da ƙungiyar ECOWAS ta janye takunkumi a Fabrairu 2024, Nijar ta ƙi buɗe nata gefen a lokacin, mutane da kaya suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale. 'Yan dako, da masu abinci, da yaran mota, da yawa sun rasa abin yi. A irin wannan hali mai magana a kan aikin dolaye yakan zama kamar mai wasa da hankalin mutane.

Amma a duba lissafin da kyau. Mutumin da ba a koya wa kome ba, ba shi kaɗai yake zaune ba, akwai mace guda da take zaune tare da shi, uwa ko 'yar'uwa, wadda ba ta zuwa kasuwa ko gona domin tsaronsa. Gida ya yi hasarar hannu huɗu ke nan. In ya iya wanka da dafa abin da zai ci, an sake wannan mace. In ya iya kiwon tumaki uku, gida ya ƙaru. Lokacin tsanani shi ne lokacin da gida ba zai iya ɗaukar mai ci ba ya nema ba, shi ne kuma lokacin da ake fara korar marasa ƙarfi zuwa titi. Saboda haka wahalar gari dalili ce ta gaggauta koyarwa. In aka ce sai kowane mai lafiya ya sami aiki tukuna, to, an ce har abada ke nan.

Masu cewa aikin gwamnati ne

Gaskiya ne gwamnati ta ɗauki alkawari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 13 ga Disamba 2006, sashe na 27 nata kuwa a kan haƙƙin aiki yake. Benin ta tabbatar da ita a 2012, ta kuma kafa doka mai lamba 2017-06 ta 29 ga Satumba 2017 domin kare naƙasassu. Nijar da Najeriya ma suna da nasu dokoki. Amma cibiyoyin gwamnatin Benin na koya wa naƙasassu sana'a da aka sani suna Akassato kusa da Kwatano, sama da kilomita 700 daga Malanville, da Péporiyakou kusa da Natitingou, can yamma. Wace gwauruwa ce za ta kai ɗanta mai jinkirin fahimta wannan nisa, cikin mutanen da ba su jin Dandanci ko Hausa, ta bar shi? Ƙidayar 2013 ma naƙasassu 92,495 kaɗai ta samu a ƙasar duka, ƙasa da ɗaya cikin ɗari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafta 16 cikin ɗari na mutanen duniya. Wannan ya nuna yadda ake ɓoye su in mai ƙidaya ya zo. Ya kamata a matsa wa hukuma ta cika alkawarinta, shugabannin ikkilisiya su je ofishin magajin gari da takarda a hannu. Amma wanda ya ɓoye ɗansa bayan ɗaki ba shi da bakin cewa gwamnati ba ta gan shi ba.

Magabata ba su jira gwamnati ba. Mishan ta SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953, lokacin da kowa ya ɗauka makaho sai bara. Mishan ta SIM ta kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya kusa da Kano, da Danja kusa da Maraɗi. Andrew Foster, wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, ya kuma buɗe wata a Ibadan a 1960. A Benin ɗin nan akwai Grégoire Ahongbonon, tsohon mai facin taya ne, bai yi karatun likita ba. Ya fara kwance masu taɓin hankali daga mari a Bouaké ta Kwaddibuwa, a 2004 ƙungiyarsa ta Saint Camille ta buɗe cibiya a Avrankou, daga baya a Bohicon da Djougou. A cibiyoyinsa waɗanda suka warke suna koyon saƙa, da gashin burodi, da noma, waɗansu kuma su ne suke jinyar sababbin zuwa. Makaho ya sami malami, kurma ya samu, kuturu ya samu, mai taɓin hankali ya samu. Saura wanda ake kira dolo.

Abin da za a iya farawa da shi

Na ɗaya, a san su. Zumuntar mata ta fi kowa sanin abin da ke cikin gidaje, cikin wata guda za ta iya gane kowane baligi mai wannan larura a unguwa, na masu bi da na maƙwabta Musulmi, gama larurar ba ta tambayar addini, koyarwar ma bai kamata ta tambaya ba.

Na biyu, a fara da zaman duniya kafin sana'a: wanka, wanki, hura wuta da kashe ta, ƙetare babbar hanya inda manyan motoci suke wucewa, faɗin sunansa da unguwarsa in ya ɓata. Kuɗi suna bukatar haƙuri na musamman a garin iyaka, inda aka rubuta 100 a jikin kwabo amma ana kiransa dala ashirin, ga kuma naira tana yawo tare da sefa. A koya da kuɗin gaske, ɗaya bayan ɗaya, ta launi da girma. 'Yan mata kuma tilas mata dattijai su koya musu tsabtar al'ada, da wuraren jiki da ba wanda yake da izinin taɓawa, da wanda za su gaya wa in an taɓa. Kowa ya san cikin shege nawa aka yi wa irin waɗannan mata, aka rufe maganar don mai laifin ɗan mutunci ne. Ikkilisiyar da ta rufe irin wannan magana ta yi tarayya da mai laifin.

Na uku, mai farfaɗiya a kai shi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har 70 cikin ɗari na masu ita za su daina faɗuwa in suna shan magani daidai. Ba a ɗaukarta ta miyau ko taɓawa. Sai dai a nisanta shi da aikin kogi, da wuta, da hawa bisa.

Na huɗu, kowane mai sana'a a ikkilisiya, tela, kafinta, mai walda, mai lambu, mai gumar shinkafa, ya karɓi mutum ɗaya. Kuɗin koyo da na bikin yaye a fitar da su daga baiko. Ikkilisiyar da ta iya tara kuɗin lasifika da sabon anko za ta iya wannan. A sa dattijo guda ya riƙa zagawa kowane mako, ya ga ana koyarwa, ba aike kaɗai ake yi ba, ba kuma duka.

Na biyar, a biya lada. Abin da ake ba kowa a kan buhu ɗaya, shi za a ba shi a kan buhu ɗaya. In buhu uku ya cika a yini inda wani ya cika goma, a biya shi na uku cif, a hannunsa, a gaban shaida. A taimake shi ya shiga adashi. A kuma tambaye shi aikin da yake so, gama mai son dabbobi ba zai daɗe a shagon tela ba.

Waɗansu ba za su taɓa kai ga sana'a ba, wannan gaskiya ce. Amma wanda ya koyi kai cokali bakinsa yana da shekara talatin, shi ma ya ci gaba, an kuma rage wa uwarsa kaya. Littafin Farawa ya nuna cewa tun kafin zunubi ya shigo an ba mutum gona ya noma. Ashe aiki yana cikin darajar da aka halicci ɗan Adam da ita, wanda kuwa aka hana shi aiki an ƙwace masa rabonsa, ko da kullum ana cika masa ciki. Dattawan ikkilisiya da za su zauna taro a wata mai zuwa, bari su sa wannan tambaya a kan takardar taron, su kuma amsa ta da sunaye: wane ne a cikinsu zai karɓi mutum na farko, a wane shago, daga wace rana?